Abin da Hajiya Ta Kwaso a Wajen Wankan Jego

Shekarata goma sha ɗaya ina tuƙi a ofishin jakadanci a Alƙahira, kuma abu biyu aikin ya dasa mini a jiki. Na farko, duk fitar da mota za ta yi sai an rubuta ta a littafi, lokacin fita a layinsa, lokacin dawowa a layinsa. Na biyu, direba ba ya faɗin inda wani ya je. In an tambaye ka, ka amsa daidai abin da aka tambaya, ka ja bakinka ka yi shiru. Na farkon ya taimake ni a ciwon matata. Na biyun saura ƙiris ya raba ni da ita.

Zan faɗi abin yadda ya zo, ɗaya bayan ɗaya.

'Ya'yanmu biyu ne, duk mata. Ta farin ta auri wani ɗalibi ɗan Indonesiya da ya yi karatun addini a nan, yaro mai ladabi, kuma da ya gama ya tafi da ita ƙauyensu. Shekara na zagayowa ta haihu. A gida, mai haihuwar fari gidan iyayenta take komawa a yi mata wankan jego na kwana arba'in. Nisa ya hana ta zuwa, Hajiya kuwa ta ce ba za a ce 'yar cikinta ta haihu ba a gasa mata jiki ba. Na ce mutanen can su ma suna haihuwa, suna da nasu tsarin. Ta ce, "Malam, nasu na 'ya'yansu ne."

Ta haɗa kanwa da kayan yaji da garin kunu, ta ɗauki autarmu mai shekara takwas tunda ana hutun makaranta, na kai su filin jirgi. Kafin su shiga na danƙa mata maganin zazzaɓin cizon sauro. Duk Bahaushen da ke Alƙahira yana da ajiyar wannan magani a durowa, domin ba kasafai ake samunsa a kantin magani a nan ba, sai wanda ya je gida ya yo mana guzuri. Ban tambayi kowa ko akwai rigakafin da ya kamata su yi ba. A ganina sauro dai sauro ne, tun muna goye muka san juna da shi.

Kullum bayan na tashi aiki muna magana ta waya. Ta ce gidan a tsakiyar gonakin shinkafa yake, ruwa kwance har kusa da ƙofa, ga balbela fari fat kamar a fadamar garinsu. Murhun gas ɗinsu bai iya tafasa tukunyar da take so ba, saboda haka ta kafa duwatsu uku a bayan gida, tana dafa ruwan wanka da itace safe da yamma. Na yamman shi ne mai tsawo. Tun bayan la'asar take zama gaban wuta har magariba. Mutanen gidan da rana ta yi ja suke shigewa ciki su rufe tagogi, har da auta, wadda take kwana cikin gidan sauro tare da yaransu. Uwar mijin 'yarmu takan leƙo ta yafito Hajiya da hannu, tunda ba su jin yaren juna. Hajiya ta nuna mata tukunya, wato ruwa bai tafasa ba. Tana ba ni labarin tana dariya, ni ma ina taya ta.

Sun dawo ranar Alhamis. Ina da ƙaramin littafi nawa na kaina da nake sawa a aljihu, ban da na ofis, kuma a sabon shafi na rubuta cewa na ɗauko su daga filin jirgi ƙarfe uku da kwata na rana. Kwana huɗu tana lafiya lau, tana hawa da sauka a benenmu na unguwar Hadayek el-Maadi tana rabon tsaraba.

Ranar Talata zazzaɓi ya rufe ta, da ciwon kai. Na buɗe durowa na ba ta maganin da muka saba, na rubuta lokacin a ƙarƙashin layin filin jirgi. Ranar Laraba zazzaɓin bai sauka ba, ta fara amai, ta ce kanta kamar ana sara da gatari, ta sa na rufe labule saboda haske na damunta. Ranar Alhamis na nemi izini a wurin aiki na kai ta wani ƙaramin asibiti na unguwa. Likitan ya dube mu ya tambayi ƙasarmu, na faɗa masa.

"Yaushe rabonta da zuwa can?"

"Shekara uku."

"Akwai mai irin wannan ciwo a gida?"

"Babu."

Ya ɗibi jini ya duba, ya ce babu zazzaɓin cizon sauro, mai yiwuwa irin zazzaɓin da ke yawo ne lokacin zafi. Ya ba da maganin saukar da zafin jiki, ya ce ta sha ruwa da yawa. Duk abin da ya tambaye ni na amsa masa da gaskiya. Bai tambayi ko ta je wata ƙasa ba, ni kuma ban faɗa ba. Ba ɓoyewa na yi ba. Bakina ne ya saba tsayawa inda tambaya ta tsaya.

Ranar Juma'a ce ta ba ni tsoro. Da safe na miƙa mata shayi, ta riƙe kofin tana kallona, fuskarta ba fara'a ba ɓacin rai, sumul kamar an shafe ta da guga. Da wuya take ƙifta ido. Na yi mata magana, sai da aka ɗauki lokaci ta amsa, amsar ma ba ta abin da na tambaya ba ce. Da na dawo daga masallaci na tarar maƙwabciyarmu ta shigo duba ta, matar wani abokin aikina ce, 'yar Zinder, suna hawa na biyu. Muna tsaye a kanta Hajiya ta ɗaga murya ta kira sunan 'yarmu ta fari. Sau uku ta kira shi, tana cewa ta zo ruwa ya tafasa.

Shekara ashirin da biyu da haihuwar yarinyar, ban taɓa jin sunan nan ya fito daga bakin Hajiya ba. Kunyar ɗan fari a wurinta ba wasa ba ce. "Waccan" take ce mata, ko "yarinyar nan". Ko a takardar makaranta ni take turo wa in rubuta. Da na ji sunan ya fito fili a gaban baƙuwa, na san ba ita ce ke riƙe da bakinta ba.

Maƙwabciyar ta dafe ƙirji. Ta ce, "Baban auta, wannan ba na asibiti ba ne. Mace ta ƙetare teku, ta je ta kafa wuta a bayan gida da magariba kwana arba'in, a ƙasar da ba ta san masu wurin ba? Ai gamo ta yi."

Kafin in ce wani abu ta aika an kira ɗalibai biyu 'yan Katsina da ke hawa na ƙarshe, suka zo suka zauna suna karatu a kanta. Ban hana ba, ba a hana karatun Alƙur'ani. Ina gefe na buɗe littafina ina dubawa. Zazzaɓi da ciwon kai, sannan amai, sannan gudun haske, sannan fuska, sannan hankali. Kowace rana da abin da take ƙarawa a kan na jiya. Na matsa na sa hannu ƙarƙashin kanta in gyara mata matashi, sai na ji wuyan ya ƙi lanƙwasuwa, kafaɗunta suka taso tare da kan. Ina yaro na ga sanƙarau a garinmu, na san abin da wannan wuya yake nufi. Hannunta na hagu kuma yana rawa a kan zani.

Na ce wa ɗaliban, "Malamai, ku ƙarasa a mota."

Lif ɗin gidan ya daɗe da lalacewa. Ni da su da bawwab, mai gadin ginin, muka sauko da ita hawa huɗu a kan kujerar roba, bawwab yana ta "yalla, yalla, a hankali", wato a yi sauri kuma a bi a hankali, kamar abu biyun za su yiwu lokaci ɗaya. Ranar Juma'a da rana titi ba cunkoso, na kai mu wani babban asibiti a unguwar Dokki cikin lokacin da ban taɓa yi ba.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, ba ta fi 'yata da yawa ba. Ta haska idon Hajiya, ta gwada wuyan, ta ɗaga hannunta tana lanƙwasawa, sannan ta juyo ta ce in gaya mata yadda abin ya fara. Na fito da littafi. Larabcina na titi ne, amma yana kai ni inda zan je. Na fara fassara mata daga saman shafi.

"Ranar Alhamis ta makon jiya, ƙarfe uku da kwata..."

"Ya Hajj, fara daga zazzaɓin."

"Zan zo kansa. Ƙarfe uku da kwata na ɗauko su daga filin jirgi."

Ni ban iya fara karanta shafi daga tsakiya ba. Da na iya, ban san inda za mu kwana ba. Ta ɗago kai.

"Filin jirgi? Daga ina?"

Na faɗa mata. Nan tambayoyinta suka canza. Birni ko ƙauye? Ƙauye. Ana noman shinkafa? Har bakin ƙofa. Kwana nawa ta yi? Arba'in da 'yan kai. Tana zama a waje da yamma? Na ba ta labarin tukunya da duwatsu uku. An yi mata wata rigakafi kafin tafiya? Ba a yi ba. Ta ajiye biro.

"Jiya ka gaya wa likitan da kuka gani wannan?"

"Bai tambaya ba."

Ta dube ni, duban da na kan yi wa sabon direba in ya fita da mota bai duba mai ba.

Ta ce zai iya zama sanƙarau, kuma yanzun nan za su fara maganinsa ba tare da jira ba. Amma zuciyarta ta fi karkata ga wani ciwo na kumburin ƙwaƙwalwa da ake danganta sunansa da Japan. Na ce Hajiya ba ta je Japan ba. Ta ce suna ne kawai, ciwon yana ƙasashe da yawa na wancan yankin, musamman inda ruwa ke kwanciya a gonakin shinkafa. Wani sauro ne da ke fitowa da faɗuwar rana yake ɗauko shi daga jikin aladu da tsuntsayen bakin ruwa ya sa wa mutum. Na tuna balbelar da Hajiya ke yabo. Ta ce yawancin waɗanda ya shiga jikinsu ba sa ma sanin ya shiga, ko su yi ɗan zazzaɓi ya wuce. Kaɗan ne yake hawa musu kai. In ya hau, babu maganin da ke kashe shi, sai dai a tallafi jiki, a sauke zafi, a ƙara ruwa, a kula da numfashi, har ya gama abin da zai yi.

Na ce ta faɗa mini ƙarshensa, ba na son kwana-kwana. Ta ce wasu ba sa tashi. Wasu suna tashi da raunin hannu ko ƙafa, ko magana ta lalace, ko su manta mutanensu. Wasu kuma suna dawowa yadda suke. Ba ta san layin da Hajiya za ta faɗa ba.

Sannan ta tambaya ko Hajiya ita kaɗai ta yi tafiyar. Da ta ji akwai yarinya, ta ja kujera ta zauna. Ta ce ciwon ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum, saboda haka kada mu raba kwano ko ɗaki. Amma sauron da ya ciji uwa zai iya cizon 'ya, kuma ciwon kan yi kamar mako biyu a ɓoye. A yara ba lallai ya fara da ciwon kai ba. Sau da yawa ciwon ciki ne da amai ke fara zuwa tare da zazzaɓi, har a ɗauka wani abu yaro ya ci. Daga nan sai yawan barci, ko yaro mai surutu ya yi tsit, ko jijjiga ta kama shi, domin jijjiga ta fi yawa a yara fiye da manya. In na ga ɗaya daga ciki, kada in buɗe durowa, in ɗauko ta. Na rubuta duka a shafin baya. Na ƙirga daga ranar da suka baro ƙauyen, na ƙara kwana biyu don kaina, na ja layi a ƙarƙashin Juma'a mai zuwa.

A shafin Hajiya kuwa na rubuta lokacin da muka fita da ita daga gida, ƙarfe uku saura minti goma. Layin dawowa na bar shi fari.

Sun ɗibi ruwan ƙashin bayanta, sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, suka shigar da ita ɗakin da ba a barin kowa ya zauna. Sau biyu a rana nake shiga, minti kaɗan. Ranar Asabar da hantsi jijjiga ta kama ta, suka tsayar da ita da allura. Ranar Lahadi ba ta buɗe ido ba sam. Na kama hannunta in miƙar da shi, na ji yana tafiya yana tsayawa, yana tafiya yana tsayawa, kamar haƙoran giya da mai ya ƙare musu. 'Yarmu ta fari tana bugo waya tana kuka, tana cewa ita ta ja. Na ce mata ta yi shiru ta shayar da ɗanta, in akwai mai laifi yana nan Alƙahira riƙe da waya.

Ranar Litinin da azahar maƙwabciyarmu, wadda auta ke wurinta, ta kira ni ta ce yarinya na riƙe da ciki tana murƙususu, ta yi amai sau ɗaya. Ban san yadda na baro Dokki ba. Na ɗauko ta na kawo ta gaban likitar nan. Ta auna ta, ba zazzaɓi. Wuya lafiya, ido lafiya. Ta tsuguna ta tambaye ta abin da ta ci. Auta ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta faɗa cewa akwai wata kwalbar yaji mai mai da uwar mijin yayarta ta ba su tsaraba, ita da yaran maƙwabciya suka zauna da burodi suka ga bayanta.

Likitar ta yi dariya har da riƙe baki. Ta ce, "Ma'alish, ba komai, ya Hajj. Gara ka kawo ta sau goma a kan yaji."

Ni ban yi dariya ba a lokacin. Sai da muka shiga mota na tsaya na kifa kaina a kan sitiyari na ɗan jima. Auta ta ce, "Baba, za ka gaya wa Umma?" Na ce in ta tashi da bakina zan gaya mata, kuma ta shirya.

Ranar Laraba zazzaɓin Hajiya ya fara sauka, ta buɗe ido. Ranar Juma'a layin da na ja wa auta ya cika ba tare da ko ɗumin jiki ba, na soke shafin. Sakamakon gwajin ya ɗauki kwanaki kafin ya dawo, kuma ya tabbatar da zaton likitar. Amma buɗe ido ba shi ne dawowa ba. An mayar da ita ɗakin marasa lafiya na gama-gari, tana haɗiye kunu in an ba ta, tana bin mutum da kallo, fuskar nan dai shafaffiya. Kalma ɗaya ko biyu take furtawa, da ƙyar. Ina zaune gefenta ina tunanin ko matar da na sani tana ciki, ko kuwa gangar jiki kawai za a sallamo mini.

Rana ta goma sha shida a asibiti, da safe, likitar ta zo gwada hankalinta, ni ina fassara. Ta tambaye ta ƙasar da muke, Hajiya ta ce Masar. Ta nuna ni ta ce wane ne wannan, Hajiya ta ce, "Malam." Ta tambayi 'ya'yanta nawa, ta ɗaga yatsu biyu na hannun dama.

"Tamam, daidai. Faɗa mini sunayensu."

Ta faɗi sunan auta, a hankali amma daidai.

"Babbar fa?"

Hajiya ta sauke idonta ƙasa. Likitar ta sake tambaya, na sake fassarawa. Sai Hajiya ta kawar da kai wajen bango, ta kai hannu ta jawo mayafinta ta rufe rabin fuska. Na ga likitar ta ɗan girgiza kai, ta fara rubutu a takarda. Daga ƙarƙashin mayafin muryar ta fito, a sarƙe, amma da faɗan da na sani.

"Malam, ka gaya wa yarinyar nan ta bar tambayata abin da bai dace ba."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na ce wa likitar ta soke abin da ta rubuta. Ta ce ai ta kasa tuna sunan 'yarta. Na ce ranar da ta faɗi sunan nan ita ce ranar da na ɗauko ta zuwa asibiti, yau da ta ƙi faɗa ta dawo. Sai da na yi bayani sau biyu, da Larabcina na titi, kafin ta gane. Ta dubi Hajiya, ta dube ni, ta ce ita dai ba a koya mata wannan gwajin a makaranta ba. Ta ja layi a kan rubutun.

Kafin azahar Hajiya ta ƙara jimla ɗaya. Ta ce a buga wa waccan waya a ce mata kada ta daina shan kunun kanwa don an cika arba'in.

Ba ta tashi garau ba, kuma ba zan ce ta tashi garau ba. Wata uku tana koyon tafiya da mai gashin ƙashi, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa matakala. Har yau hannunta na hagu yana rawa in ta gaji, ta daina ɗaukar tukunya mai zafi da shi, kuma takan nemi kalma ta rasa na ɗan lokaci, abin yana ba ta haushi. Maƙwabciyarmu har gobe tana cewa karatun ɗaliban ne ya kori abin, ni kuma ban taɓa yi mata musu ba, domin na ji daɗin karatun a mota. Duk wanda na ji zai yi tafiya wancan yankin daga cikin mutanenmu, ina tare shi in ce ya je ya tambayi rigakafi tukuna. Wanda kuma na kai asibiti, ko ba a tambaye ni ba, ina faɗin inda ya je.

Ranar da aka sallame ta, lif ɗin yana nan yadda yake. Bawwab ya kawo kujerar roba, ta ce ba za ta hau ba, ita ba kayan miya ba ce. Ta kama ƙarfen matakala da dama, ni ina riƙe da hagun, muna hutawa a kowane hawa. Da muka shiga ta zauna a bakin gado tana haki, na fito da littafi na duba agogo. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin. Ina cikin rubutawa a layin da na bari fari ta dubi saman kabad ta ce, "Ina kwalbar yajin da na zo da ita?"

Auta ta zame ta bayan labule. Na rufe littafin na ce mata ta fito, alƙawari ya zo.